Ostireliya: Wa Zai Sa Ido Kan Masu Kula da Naƙasassu?

Tun 2013 Ostireliya ta fara shirin NDIS, wanda ke ware wa mai naƙasa kuɗi ya zaɓi da kansa wanda zai yi masa hidima, ko wanka da ciyarwa ne, ko kai shi asibiti. Yau fiye da mutum 600,000 ke cin moriyarsa. Sai dai yawancin masu wannan aiki ba su da rajista da hukumar sa ido da aka kafa a 2018. Kwamitin bitar shirin ƙarƙashin Bruce Bonyhady da Lisa Paul, wanda ya fitar da rahotonsa a Disamba 2023, ya gano masu rajista kimanin 16,000 ne, marasa ita kuwa sun haura 150,000.

Kwamitin ya ba da shawarar kowa ya shiga kundin hukuma, a tsananta bincike gwargwadon haɗarin aikin. Naƙasassu da dama suka tayar da jijiyar wuya. Kuɗin binciken rajista da tarin takardu, in ji su, za su kori ƙananan ma'aikata, musamman a karkara, su raba mutum da wanda ya saba da shi. Wani kwamiti ƙarƙashin lauya Natalie Wade ya saurare su, ya nemi a bar masu tafiyar da hidimarsu da kansu su ci gaba da zaɓen ma'aikatansu. A Satumba 2024 ministan shirin na lokacin, Bill Shorten, ya sanar cewa za a fara wajabta rajista ga masu gudanar da gidajen zaman naƙasassu, masu tsara musu hidima, da kamfanonin da ke haɗa su da ma'aikata ta intanet.

Wannan mataki ya dace, domin mazauna irin waɗannan gidaje ba kullum suke iya kai ƙara ba. Amma takarda kaɗai ba ta kare rai. Ann Marie Smith, wata mai naƙasa, ta rasu a Adelaide a 2020 bayan doguwar wahala a hannun ma'aikaciya guda da aka bar ta da ita, alhali kamfanin da ma'aikaciyar ke yi wa aiki yana da rajista. Abin da ta rasa shi ne wani mutum na biyu da zai leƙo ya ga halin da take ciki.

Saboda haka ya kamata duk wata sabuwar doka ta tanadi masu ziyara ba tare da sanarwa ba, da hanyar kai koke mai sauƙi, ta kuma bar wa naƙasasshe ikon cewa wane zai shiga ɗakinsa.