Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ya Ke Yoyo: Labarin Wasan Tafiya Sararin Sama

A garin Guildford, kudu maso yamma da birnin Landan a ƙasar Ingila, akwai wani ƙaramin kamfani da a ke kira Hello Games, wanda mutum huɗu suka kafa a shekara ta 2008. Sana'arsu shirya wasannin kwamfuta, watau irin wasan nan da mutum kan zauna gaban na'ura yana kallon hoto mai motsi, yana sarrafa shi da yatsunsa. Labarin wani wasa nasu mai suna No Man's Sky za mu ba masu karatu yau, don kuwa akwai abin lura a cikinsa ga duk wanda aikinsa ya haɗa shi da koke-koken jama'a.

A cikin wannan wasa mutum ya kan zama matuƙin jirgin sararin sama. Ya tashi daga wannan duniya ya sauka a waccan, ya haƙi ma'adinai, ya gyara jirginsa, ya raɗa wa dabbobi da tsire-tsiren da ya gano suna. Yawan duniyoyin kuwa, in za a rubuta shi, sai a sa 18 a biyo ta da sifiri 18. Ba wanda ya zana su da hannu. Lissafi aka dasa cikin na'urar, duk sa'ad da matafiyi ya kusanci wata duniya sai na'urar ta lissafa duwatsunta da kogunanta nan take. Masu karatu su riƙe wannan, za mu komo kansa.

RANAR WANKA

Tun watan Disamba na 2013 aka fara nuna hotunan wasan, shugaban kamfanin kuwa, Sean Murray, ya yi ta hira da 'yan jarida yana faɗin abubuwan da za a iya yi a ciki. Mutane suka ƙagauta. Ran 9 ga Agusta, 2016, aka fito da shi a Amurka a kan dala 60, alhali masu aikin duka ba su fi goma sha biyar ba ko kusa da haka.

To, an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun kwanakin farko wasu mutum biyu suka yi shawara su gamu a wuri guda cikin wasan. Suka isa, suka tsaya daidai wurin, amma ba wanda ya ga ɗan'uwansa, ga shi kuwa jama'a sun ɗauka daga hirarrakin nan cewa za a iya haɗuwa. Masu kwamfuta kuma da yawa suka iske hoton yana sarƙewa, wasu ma wasan ya ƙi buɗewa sam. Aka yi ta neman a mayar da kuɗi. Mutum 23 suka kai ƙara gun hukumar Ingila mai lura da tallace-tallace, suka ce an yaudare su. A watan Nuwamba na shekarar hukumar ta yanke cewa tallar ba ta karya doka ba, amma wannan bai sanyaya zuciyar kowa ba. Wasu marasa kunya har barazanar kisa suka aika wa ma'aikatan.

Kamfanin ya yi shiru wajen wata uku, in ban da 'yan takardun bayanin gyare-gyare. Mutane suka ce ai sun ci kuɗi sun gudu. Ashe suna can duƙe suna tankaɗe koke-koken, suna ware tsaba daga tsakuwa.

YADDA A KE FARAUTAR KUSKURE

Koke iri biyu ne, kamar yadda duk akawun da ya taɓa karɓar takardun jama'a ya sani. Wani ya kan cika shafi uku da zagi, a karanta har ƙarshe ba a san abin da ya same shi ba. Wani kuwa layi biyar ya ishe shi: ga irin na'urata, ga inda na ke cikin wasan, ga abin da na taɓa, ga abin da ya faru, na sake gwadawa ya sake faruwa. Na biyun nan shi ne abin nema, domin mai gyara ba ya iya kashe kuskure sai ya sa shi ya sake aukuwa a gabansa.

Ga misali. Da aka jera bayanan waɗanda wasan ya ƙi buɗe musu, sai aka ga da yawansu na'urorinsu na ɗauke da wata tsohuwar ƙwaƙwalwa ta kamfanin AMD mai suna Phenom. Aka bincika, aka tarar wasan yana ba ta wani umurni na lissafi wanda ba a gina ta da saninsa ba. Da aka gane haka, ba a daɗe ba aka aika da gyara. Da kowa zagi kaɗai ya rubuto, da har yanzu ana lalube cikin duhu.

Har wa yau kamfanin yana da wata dabara. Kafin a raba gyara ga kowa, a kan fara sa shi a wani reshe na gwaji a kasuwar wasanni ta Steam, inda masu ƙarfin hali kan shiga da son ransu su gwada, su kawo labarin abin da ya karye. Tsofaffin 'yan wasa kuma su kan gargaɗi sababbi da abu uku duk sa'ad da sabon gyara ya zo: su kwafi ajiyar tafiyarsu su ɓoye, su cire ƙare-ƙaren da wasu 'yan wasa suka ƙirƙira suka liƙa wa wasan, kana su sabunta manhajar da ke tafiyar da hoton na'urarsu. Sau da yawa laifin da a ke ɗora wa kamfani yana cikin ɗayan biyun nan na ƙarshe.

GYARAN DA YA ZAMA ƁARNA

A ƙarshen Nuwamba 2016 aka fito da babban ƙari na farko, mai suna Foundation, wanda ya ba mutane damar gina gida. A watan Agusta 2017 aka kawo Atlas Rises, a watan Yuli 2018 kuma aka kawo Next, wanda a cikinsa ne 'yan wasa suka fara ganin juna sosai suna tafiya tare. Duk waɗannan kyauta aka ba da su, ba a karɓi ko kwabo ba.

Amma fa gyara ma yana da nasa ciwo. Mun faɗa a baya cewa lissafi ke haifar da duniyoyin. To, in aka taɓa lissafin don a ƙawata su, sai dukansu su sāke kama. Haka ya faru a 2017, ya kuma faru a 2018. Mutum ya yi watanni yana gini a ƙasa mai ciyawa da ruwa, ya wayi gari ya iske ta koma hamada ko ƙanƙara. Wata ƙungiyar 'yan wasa da suka taru a yanki guda, mai suna Galactic Hub, sai da ta yi ƙaura. Kuka ya yi yawa, kamfanin kuwa ya ji. Da za su kawo ƙarin Origins a watan Satumba 2020, sai suka daɗa sababbin duniyoyi ba tare da rushe gidajen mutane ba.

Sannu a hankali zukata suka juyo. A 2022 wasan ya sami lambar yabo ta hukumar BAFTA ta Ingila, ta wasan da ya fi ci gaba da bunƙasa. A ƙarshen 2024, shekara takwas bayan fitowarsa, jimlar ra'ayoyin masu saye a Steam ta hau matsayin yabo ƙwarai, bayan dā ta faɗi warwas.

Kada mai karatu ya zaci kullum haka a kan ƙare. A watan Fabrairu 2023 aka fito da wani wasan harba roka, Kerbal Space Program 2, tun bai kammala ba, da alkawarin za a ƙarasa shi da shawarar masu saye. Su ma sun rubuto koke-koke masu ma'ana, an kuma yi wasu gyare-gyare, amma a 2024 uwar kamfanin ta rufe ofishin masu aikin a birnin Seattle na Amurka, yawancin alkawuran ba a cika ba.

Jama'a, alkawari kaya ne, gwamma mutum ya faɗi kaɗan ya aikata da yawa. Mai kawo kuka ya faɗi ainihin abin da ya same shi, da wuri da lokaci. Wanda aka kawo wa kuma kada zafin maganar ya hana shi tsintar gaskiyar da ke cikinta, don mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Allah Ya ba mu haƙurin saurare, amin.