Ma'aikatan Lambun da Feshi ke Kora

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, hankalin manoman Dutsin-Ma yakan koma bakin ruwa. A gefen madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, da fadamun da ke yankin Kurfi, sai a shiga yanka fangali ana dashen tumatir, tattasai, attaruhu da albasa, ana shuka kankana da kabewa. Duk wanda ya zaga lambunan nan da sanyin safiya zai ji ƙarar injin ban-ruwa, ya haɗu da samari goye da tankin feshi. Idan ya natsu kuma, zai lura cewa lambunan sun bambanta. Wani an share shi ƙal, babu itace babu shinge, babu abin da ke motsi sai mai shi. Wani kuwa yana da shingen aguwa ko cini-da-zugu, da magarya ko tsohuwar tsamiya a kusurwa, ƙudan zuma na kai da komowa, kwaɗi na tsalle daga magudanar ruwa, kadangaru na farauta a kan kunya.

Lambu na biyun nan shi ne abin da ake ta yayi a Turai a yanzu, wato lambun da ke zaman lafiya da ƙananan halittu. A Ingila, tun 1979 ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke sa jama'a su ware awa guda a watan Janairu su ƙirga tsuntsayen da suka sauka a lambun gidajensu. Can sai mutum ya sayi akwatin sheƙa, ya haƙa ɗan tafki da kuɗinsa. A ƙasar Katsina kayan aikin duk suna nan tun kaka da kakanni, illa dai ana ta zubar da su ba a sani ba.

A duba furen kabewa. Da asuba yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. A jikin yaɗo ɗaya akwai fure namiji mai dogon wuya, akwai tamace mai ɗan ƙululu a gindi. Ƙululun nan ba zai zama kabewa ba sai ƙudan zuma ya shiga namijin, ya fito da garin fure a jikinsa, ya kai wa tamacen. Haka kankana take. Manomin da ya yi feshi da hantsi, daidai lokacin da ƙudajen ke cikin aiki, bayan 'yan kwanaki zai ga 'ya'yan sun yi ɗorawa-ɗorawa sun zube tun suna ƙanana, ya ɗora laifin a kan iri ko taki. Wani bincike da aka wallafa a 2017 daga Burkina Faso ya nuna cewa ziyarar ƙudan zuma tana ƙara yawan amfanin auduga da riɗi da ingancinsu, kuma dukansu amfanin gona ne da Katsinawa suka sani sarai.

Sai zanzaro, mai gina ɗan ɗakin laka a jikin bango ko ƙarƙashin rumfa. Yara kan farfasa ginin don wasa. Wanda ya leƙa ciki yakan tarar da tsutsotsi a jibge, da ransu amma ba sa motsi. Uwar ce ta kamo su daga ganye, ta harbe su suka sandare, ta ajiye wa ɗanta abinci kafin ta toshe ƙofar. Kowace tsutsa a ɗakin nan daga jikin shukar wani aka ɗauke ta, kyauta.

Da dare ma aiki ba ya tsayawa. Furen kuka da na ɗorawa da daddare suke buɗewa, kuma jemagu ne manyan masu yi musu barbara, don haka kalwar da ake daddawa da ita tana da hannun jemage a ciki. Mujiya, wadda camfi ya sa ake jifa, ɓeraye ne abincinta. Bushiya na cin ƙwari. Idan damina ta kama, shamuwa takan iso ta bi gonaki tana tsintar fara, balbela kuma na bin shanu da garma.

Ba wanda zai ga laifin manomi don ya ji tsoron ƙwari. Masu tumatir ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta, wadda suke kira sharon, ta cinye lambuna a Kano, Kaduna, Jigawa da Katsina, har kwandon tumatir ya gagari talaka. Sai dai tsutsar nan cikin ganye da cikin ɗan tumatir take shigewa, inda magani ba ya isa sosai, kuma tana saurin sabawa da guba. Wanda ya ninka feshi yakan kashe gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da ƙananan rina masu cin ƙwan ƙwarin, ya bar maƙiyin da fili. Ga kuma abin da gubar ke yi wa mai feshin kansa, wanda sau da yawa ba takalmi ba takunkumi, da ruwan da ke gangarawa inda ake kamun kifi.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun gwada wata hanya. Masana na cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, tare da cibiyar ICRISAT da jami'ar Maraɗi, suna kiwon wata mitsitsiyar rina mai suna Habrobracon hebetor. Ana sa ta a ƙananan buhunan algarara tare da hatsi da tsutsar da za ta hayayyafa a kanta, a kai ƙauyuka lokacin da gero ke fitar da kai. 'Ya'yanta su fito su bazu cikin gonaki, suna kashe tsutsar da ke cin zangarniya.

A Maraɗin ne kuma aka farfaɗo da abin da suke kira sassabin zamani. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya gane cewa ƙananan tsiron da manoma ke sarewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi. Dabarar ba ta da wuya: a zaɓi rassa mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a sassabe sauran, a kare su daga wuta da awaki. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma a 2018 Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood. Gonakin Kurfi da Dutsin-Ma cike suke da irin waɗannan kututtura na sabara da kalgo da aduwa. Ga gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya yi fure da rani lokacin da ƙudan zuma ke neman abinci ido rufe.

Mai ɗan fili a bayan gida ma yana da abin yi. Kaskon ruwa da 'yan duwatsu a ciki ya ishi tsuntsu da ƙudan zuma a zafin bazara, muddin ana sauya ruwan duk bayan kwana biyu ko uku saboda sauro. A bar zogale da 'yan albasa su yi fure. Kara da ganye a tara su su ruɓe maimakon a cinna musu wuta. Idan ƙwari suka yi yawa, a daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma bayan ƙudaje sun koma amya.

Abin yana da nasa wahala, kuma gara a faɗa. Ciyawa mai duhu na ɓoye maciji, don haka ciyawa irin gamba wurinta kan iyaka ne, nesa da inda yara ke wasa. Jemage na taɓa mangwaro, tsuntsayen jan-baki kuwa idan suka sauka a gonar dawa sai dai haƙuri. Amma asarar da ke ɗaya ɓangaren ta fi girma, kuma an riga an ga misalinta. Dattawa sun san lokacin da ungulu ke cika mahauta a kowane gari. Guba da farauta sun sa a 2015 aka saka ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, yaran yau da yawa ba su taɓa ganin ta ba.

Dutsin-Ma na da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita mai horar da malaman da za su watsu a makarantun karkara. Ƙaramin lambun gwaji a harabar kowace firamare, mai shinge da kasko da itace biyu ko uku, zai koya wa yaro bambancin ƙwaron da ke ɓarna da wanda ke taimako tun kafin a goya masa tankin feshi. Manomi kuwa damarsa tana zuwa ne lokacin sharar gona, a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zai iya zaɓen kututturan da zai bari kafin a tara sassabe a sa wuta.