Ko Kun Sani? Iyalai 27, Zaure Ɗaya

A shekarar 1967 wata marubuciya a ƙasar Denmak, Bodil Graae, ta fitar da maƙala tana cewa kowane yaro ya cancanci iyaye ɗari. Maganar ta ratsa zukata. Bisa wannan tunani, a 1972 iyalai 27 suka tare a wata unguwa mai suna Sættedammen, kusa da garin Hillerød. Kowa da gidansa da madafinsa, amma akwai babban zaure na kowa da kowa, inda ake girki bi da bi, a ci tare. Abin da ya fi taɓa ni shi ne motoci: a bakin unguwa ake barin su, don yara su sheƙa a tsakar gida, idon maƙwabta, manya da tsofaffi, yana kansu.