Da Kunne Ake Auna Waƙa

(Sautin lugude, sannan ya lafa a hankali)

Abin da kuka ji yanzu lugude ne, mata uku a kan turmi ɗaya. Babu mai ƙirga musu, amma kowace taɓarya ta san lokacin saukarta. Da ɗaya za ta yi nawa ko ta yi gaggawa, ko yaron da ke wasa a ƙofar gida sai ya ɗago kai, don ya ji an karya. Abin nan da kunnen yaron ya kama shi ne batunmu na yau. A waƙa sunansa kari, iliminsa kuma malaman zaure ke kira aruli.

Waƙa a wajen Bahaushe gida biyu ce. Akwai ta baka, wadda makaɗi ke yi da kiɗa, galibi da 'yan amshi a bayansa, yana kafa gindi yana kawo ɗiya, su kuma suna mayar da shi gindin. Nan ne gidan Narambaɗa da Ɗanƙwairo masu kotso a fada, da Shata mai kalangu, da Ɗan Anace na 'yan dambe, da Ɗan Maraya Jos da ya wadatu da kuntiginsa shi kaɗai, da Barmani Choge da ƙwaryar amada. Waɗannan ma'auninsu yana cikin kiɗan, shi ke riƙe da linzamin baki.

Gida na biyu rubutacciyar waƙa ce, ita kuwa ba ta da ganga ba ta da kalangu, dole ta ɗauko kiɗanta a cikin kalmominta. Ana gina ta baiti-baiti, kowane layi na cikin baiti kuma ɗango ne. Mai ɗango ɗaya gwauruwa ce, mai biyu ƙwar biyu, haka har zuwa ƙwar biyar. Akwai kuma tahmisi, wanda ni a wurina ya fi kowane nuna ladabin malamta: ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ka ɗora masa uku naka, da karinsa da amsa-amonsa, har mai sauraro ya kasa gane inda aka yi ɗinkin. Haka aka yi wa Tabban Haƙiƙa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahmisi.

To, ina aka samo ma'aunin? Sai mun leƙa Basra ta ƙasar Iraƙi, a ƙarni na 8 na Miladiyya, wurin Halilu ɗan Ahmad Alfarahidi, mai ƙamusun Kitabul Aini, malamin Sibawaihi. Ana ba da labarin cewa ya ratsa ta kasuwar maƙera ne ya ji saukar guduma a kan tagulla, wata da nauyi wata sama-sama, sai ya gane haka waƙoƙin Larabawa suke tafiya. Ya tattara su ya fitar da ma'aunai 15, kowane ana kiransa bahari, wato teku. Bayansa wani malami mai suna Ahfash ya ƙara na 16, Mutadarak. Waɗannan ma'aunai sun shigo ƙasar Hausa a bakin malamai da almajirai, ta karatun Ishiriniya da Burda da makamantansu. Yaron da ya tashi yana jin Burda a daren Mauludi ya haddace baharin Basiɗ tun bai san sunansa ba.

Abin da ya sa suka zauna daram shi ne, Hausa da Larabci duk suna bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Marigayi Farfesa M.K.M. Galadanci ya yi rubutu a kan haka a 1975, ya kwatanta abin da aure tsakanin harsunan biyu. Ku saurara da kyau. In na ce gari, wanda muke zaune a cikinsa, "ga" ɗin gajere ne. In na ce gari, wanda ake tuƙa tuwo da shi, sai na ja shi, "gaa". A rubutun boko haruffansu ɗaya, a kunne kuwa hanyar jirgi daban ta mota daban. Gaɓar da ta ƙare da gajeren wasali ba ta da nauyi. Wadda aka ja wasalinta, ko aka rufe ta da baƙi, kamar "kun" ko "ran", ita ce mai nauyi. Iyakar tubalin ke nan, guda biyu.

Daga su ake haɗa ƙafa. Ku faɗi tukunya: tu, kun, yaa. Marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu. Wannan ita ce ƙafar da masu aruli ke rerawa fa'uulun, in aka jera ta kuma an shiga baharin Mutaƙarabi. Ga wani ɗango da na haɗa domin wannan shiri, ku buga shi da yatsa a kan gwiwa:

Talata ta kai min tukunya Gusau.

Ta-laa-taa, ta-kai-min, tu-kun-yaa, Gu-sau. Kun ji yadda yake sukuwa, ƙafa uku cikakku, ta huɗu an datse mata wutsiya, abin da aruli ya yarda da shi a ƙarshen ɗango. Yanzu bari in cire tukunya in sa tulu. Talata ta kai min tulu Gusau. Ma'ana ba ta lalace ba, nahawu lafiya lau, amma kun ji tuntuɓen. Gaɓa ɗaya marar nauyi ce ta faɗi, ɗangon ya gurgunce.

Sauran ƙafafun ma suna nan cikin maganarmu ta kullum. Kasuwa, kaa-su-waa, ita ce faa'ilun ta Mutadarak. Kasuwar nan, faa'ilaatun ke nan ta Ramal. A garinmu ne, mutafaa'ilun ta Kamil. A nan Kamil ɗin akwai wani sauƙi da mawaƙanmu ke mora ƙwarai: gaɓa biyu marasa nauyi na farkon ƙafa suna iya haɗewa su zama ɗaya mai nauyi. Shi ya sa "a garinmu ne" da "can kasuwa" suke cin lokaci ɗaya a baki. Irin wannan canji da aka halatta shi ake kira zihafi, kuma shi ke hana waƙa ta zama kamar bugun agogo.

(Sautin kalangu, gajere)

Kada dai a ɗauka duk karin Hausa daga Basra ya zo. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, bai taɓa ganin ɗango a takarda ba, amma Imfirajinsa, ƙwar biyar, ta zagaye ƙasar Hausa a bakin almajirai da makafi masu bara. Wasu manazarta sun auna ta suka ce Ramal ce. Wasu suka ce a'a, karin kiɗan caji ne ya ɗauko ya ɗora masa wa'azi. Ni na fi karkata ga cewa kunnensa caji ya ji, masu littafi suka zo daga baya suka tarar ya yi kusa da Ramal. Alhaji Aƙilu Aliyu, mai Fasaha Aƙiliya, shi ma ya sha ɗora rubutacciyar waƙa a kan karin makaɗa. Gidajen nan biyu katangarsu gajera ce, ana miƙa wa juna wuta.

Abin da ke damuna shi ne waƙoƙin da matasanmu ke sakawa a Facebook da WhatsApp. Akwai basira, akwai zafin zuciya, amsa-amo kuwa ba a magana, kowane ɗango ya ƙare da "na" ko "ba" yadda ya kamata. Amma da ka ɗauka za ka rera, sai ka yi ta cin tuntuɓe. Ba laifinsu ba ne kacokan. Ajamin da Nana Asma'u ta yi rubutu da shi yana nuna jan wasali, boko kuwa ya ɓoye shi, sai yaro ya tashi yana auna ɗango da ido, in tsawon layuka ya yi daidai a fuskar waya ya ɗauka ya gama.

Don haka ƙanina, ƙanwata, kafin ka saki waƙarka, ka tashi tsaye ka rera ta da ƙarfi, kana buga gwiwa. Ka rera wa kakarka, ko wani dattijo da ya yi karatun zaure. Inda ya ɗan yamutsa fuska, koma wurin, akwai gaɓar da ta faɗi ko ta yi yawa. Malaman Hausa na makarantun sakandare kuma, don Allah a riƙa rera waƙa a aji kafin a feɗe ta a allo.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.