Jim Northrup, Sojan da Ya Mai da Barkwanci Makami

A arewacin jihar Minesota ta Amurka, kusa da babban tafkin Superior, akwai keɓaɓɓen yanki da ake kira Fond du Lac. Yarjejeniyar 1854 ce ta bar wa 'yan ƙabilar Ojibwa wannan fili, bayan gwamnati ta karɓe musu ƙasa mai faɗin gaske. A nan aka haifi Jim Northrup a 1943.

Yana ɗan shekara 6 aka raba shi da iyayensa, aka kai shi makarantar kwana ta gwamnati a Pipestone, can kudu maso yammacin jihar. An kafa irin waɗannan makarantu ne domin a yaye 'ya'yan 'yan asalin ƙasar daga harshensu da al'adunsu, wanda duk aka ji yana yaren gida kuwa ya sha hukunci. Yaron ya fito da Turanci a baki, harshen kakanninsa ya kusa kuɓuce masa.

Da ya zama saurayi ya shiga rundunar Marine, aka tura shi yaƙin Biyetnam a 1965. Ya dawo da ransa, amma yaƙin ya biyo shi gida: firgita, mugun mafarki, rashin barci. Ya taɓa aikin ɗan sanda da wasu ayyuka kafin ya tattara ya koma garinsu, Sawyer, ya kama alƙalami.

Waƙoƙinsa na yaƙi gajeru ne, babu ado, babu kirarin jarumta. Abin da ya fi damunsa shi ne halin sojan da ya dawo, ba a san abin da ke cinsa ba. Littafinsa na farko, Walking the Rez Road, ya fito a 1993, ya haɗa waƙoƙi da gajerun labarai a kan wani tsohon soja, Luke Warmwater, wanda ke fama da talauci da giya da tunanin yaƙi. Littafin ya ci lambar yabo ta jihar Minesota. Mai karatu na cikin jimami sai ya ji dariya ta kuɓuce masa, kuma da gangan marubucin ya shirya haka.

Wannan barkwanci ya fi fitowa a filinsa na jarida, Fond du Lac Follies, wanda ya fara a 1989, ya yi ta rubutawa duk wata har kusan shekara 25. Yakan kawo irin tambayoyin rainin wayo da baƙi ke yi wa 'yan asalin ƙasa, ya ba su amsar da ta dace da su. Bai kuma ƙyale na gida ba. Majalisar ƙabilarsu da kuɗin gidajen caca sun sha zagi a kasuwa daga gare shi. A wasan kwaikwayonsa Shinnob Jep ya kwaikwayi shahararren shirin kacici-kacici na talabijin, sai dai tambayoyin duk a kan rayuwar mutanensa ne. Wani wasan, Rez Road 2000, shi kaɗai ya hau dandamali ya yi shi.

Gwagwarmayarsa ta fi karkata ga haƙƙin da tsofaffin yarjejeniyoyi suka ba Ojibwa. Lokacin da suka sallama ƙasa a 1837, sun riƙe 'yancin farauta da su da girbi a cikinta. A ƙarshen shekarun 1980, 'yan Ojibwa masu sukar kifi da mashi a jihar Wiskonsin sun sha jifa da ashar a bakin tafkuna daga hannun Turawa masu zanga-zanga. Northrup ya tsaya wa wannan haƙƙi a rubuce da kuma a baki, kuma a 1999 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da shi a shari'ar Mille Lacs.

Abin da ya bambanta shi da marubuta da yawa shi ne al'adar da yake karewa ita yake rayuwa a kai. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba yana kan tafki yana girbin shinkafar daji. Mutum biyu ke shiga kwale-kwale, ɗaya na turawa da doguwar gora, ɗaya na riƙe da sanduna biyu, ya lanƙwaso zangarniya da guda, ya kaɗe ƙwayar cikin jirgi da ɗayar. Sai a shanya, a soya a babbar tukunya, a tattake da ƙafa, a sheƙe. Da hannunsa yake ɗinka abin shiƙar da ɓawon itacen birch, mai kama da faifan gidajenmu. In sanyin hunturu ya fara janyewa kuma, iyalinsa na daji suna tatsar ruwan itacen maple, wanda sai an dafa wajen galan 40 kafin a samu galan ɗaya na zumarsa.

Da tsufa ya zo, sai ya koma wa harshen da makaranta ta so ta raba shi da shi. Shi da matarsa suka shirya sansanin koyon Ojibwa a bakin tafki kusa da Sawyer, inda yara da manya ke taruwa duk shekara suna koyon yare da sana'ar hannu. Ciwon dajin ƙoda ne ya yi ajalinsa ranar 1 ga Agusta, 2016, yana da shekara 73.