Ƙaramar Na'urar Sintesaiza: Abin Wasa Ce Ko Kayan Aiki?

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, wani abokina da muke ɗaki ɗaya ya kawo mini wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, ya ce zai sayar saboda kuɗin haya ya kama shi. Sunanta Korg Monotron. Ni kuma daman na daɗe ina haɗa kiɗa a kwamfuta, ina ta tara 'yan kuɗi don in sayi lasifikar kunne mai kyau. Sai na shiga tsaka mai wuya: in ba shi kuɗin, ko in bar masa abarsa? Na saya. Bayan watanni ina amfani da ita, na ga ya dace in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda irin wannan na'ura take aiki, da abin da za ta iya, da wanda ba za ta iya ba, domin kada wani ya kashe kuɗin abincinsa a kan zato.

Mece Ce Sintesaiza?

Sintesaiza na'ura ce da ke ƙirƙirar amo daga wutar lantarki. Ba ta da tsirkiya kamar garaya, ba ta da fata kamar kalangu. Iri biyu ce. Akwai ta dijital, wadda ke lissafa sauti da lambobi ko ta sako wanda aka riga aka naɗa. Fiyanon Yamaha da ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa yana cikin wannan rukuni. Akwai kuma ta analog, wadda wutar da ke yawo a cikinta ce ke hawa da sauka, lasifika ta mayar da wannan motsi amo. Ita ce ta riga zuwa. Robert Moog na Amurka yana cikin waɗanda suka yi fice wajen ƙera ta, kuma samfurinsa mai suna Minimoog ya fito a 1970. Da Yamaha ta fito da DX7 ta dijital a 1983, sai kasuwar analog ta faɗi, mawaƙa suka riƙa sayar da nasu da araha.

Yadda Take Aiki

Monotron ta fito a 2010 daga kamfanin Korg na ƙasar Japan, a kan kusan dalar Amurka 60. Tsawonta santimita 12 ne, ƙananan batura biyu take ci, kuma tana da maɓallan murɗawa guda biyar. Sassa uku ne ke yin aikin.

Na farko shi ne uwar amo, wato sashen da ke sa wuta ta yi ta kaɗawa. Yawan kaɗawar a daƙiƙa guda shi ke nuna kaifin sauti. Idan ta kaɗa sau 440, za a ji sautin da makaɗan Turai ke daidaita kayansu da shi. Idan aka ninka zuwa 880, sautin ne dai, amma ya ƙara hawa. Siffar kaɗawar tana kama da haƙoran zarto, shi ya sa amon ke fita da kaushi da cika, kusan kamar algaita.

Na biyu shi ne rariya. Aikinta tace amo: ta tare kaifafan sautuka, ta bar masu kauri su wuce. Mai karatu zai iya gwadawa da bakinsa. Ka ja "uuu", sannan ka buɗe baki a hankali zuwa "aaa". Muryarka ba ta hau ba, ba ta sauka ba, amma kalarta ta sauya. Haka rariya ke yi idan an murɗa ta. Korg ta gina rariyar Monotron ne bisa tsarin ta MS-20, wata fitacciyar na'urarta ta 1978, kuma a nan darajar wannan 'yar aba take.

Na uku shi ne magirgiza, wanda ke kaɗawa a hankali, aikinsa kuma shi ne ya riƙa juya ɗaya daga cikin sassa biyun can. In an haɗa shi da uwar amo, sai a ji kamar jiniya. In an haɗa shi da rariya, sai amon ya riƙa bugawa daki-daki kamar kiɗa.

Inda Ta Gaza

Ranar farko na yi nadama. Maimakon maɓallan fiyano, wani siririn zare ne a shimfiɗe da ake goga yatsa a kai, kuma ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Kamar goge yake, babu alamar da za ta tsayar da yatsa, kunne ne jagora. Sai dai mai goge yana da fili, ni kuwa motsi kaɗan ya isa ya kai ni wani sauti dabam. Na yi mako guda ina neman in kaɗa karin waƙa ɗaya ba kuskure, ban samu ba sai da na koma amfani da bakin murfin biro.

Bayan wannan, sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda, kamar sarewa. Ba ta da ma'ajiya, don haka in ka samu amo mai daɗi ka taɓa maɓalli, shi ke nan ya tafi. Ba ta da kafar MIDI da kwamfuta za ta sarrafa ta. Lasifikar jikinta ba ta fitar da kaurin sauti, kuma idan aka naɗa akwai wani shuuu da ke bin amon a ƙasa. Duk wanda ke son na'ura ɗaya da za ta ba shi ganga da fiyano da sarewa ya haɗa waƙa cikakkiya, to ba wannan ba ce.

Inda Ta Yi Amfani

Ra'ayina ya fara sauyawa ne ranar da na jona ta da babbar lasifika. Amon da na raina sai ga shi yana girgiza tagar ɗaki. Daga nan na daina neman ta yi aikin fiyano. Sai in naɗi sauti ɗaya mai tsawo a kwamfuta, in daidaita shi, in yanka, in jera shi a manhajar FL Studio. Ta haka na samu amon ƙasa mai kauri wanda yake numfashi, ba kamar na manhaja da kowa ke amfani da shi ba.

Abu na biyu, tana da kafar shigar da sauti daga waje. Na taɓa naɗar kiɗan kalangu a wajen bikin wani ɗan unguwarmu, na bi da shi ta cikin rariyar ina murɗawa a hankali. Kiɗan ya fara kamar daga bayan katanga ake yin sa, ya yi ta matsowa har ya cika ɗaki. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Na uku shi ne ilimi. Shekara biyu ina ganin waɗannan maɓallai a fuskar kwamfuta ina murɗa su da ka. Da na riƙe guda biyar kacal a hannu, kowanne na ji abin da yake yi, sai manyan manhajojin suka zama masu sauƙi. Kuma ko an ɗauke wuta, ina zaune da batir ina gwaji.

Darasi Daga Tarihi

Raina ƙaramar na'ura ba yau aka fara ba. Stylophone, wadda aka ƙera a Ingila a ƙarshen shekarun 1960 a matsayin abin wasa, David Bowie ya saka ta a waƙarsa Space Oddity ta 1969. Haka kuma Roland TB-303, da ta fito a 1981 don ta maye gurbin jitar bes, ba ta karɓu ba, aka daina ƙera ta a 1984. Matasan birnin Cikago suka tsince ta da araha a kasuwar gwanjo, suka yi ta murɗa rariyarta. Ƙungiyar Phuture ta fitar da Acid Tracks a 1987, daga nan aka samu sabon salon kiɗa da ya bazu har Turai. A nan gida ma, William Onyeabor na Inugu, wanda ya rasu a 2017, ya yi faya-fayansa da sintesaiza tun ƙarshen shekarun 1970, duniya ba ta farga da shi sosai ba sai da aka sake fitar da tarin waƙoƙinsa a 2013.

Kammalawa

Amsar tambayarmu ita ce: tana da amfani, amma a matsayin gishiri, ba tuwo ba. Wanda bai mallaki kwamfuta da lasifikar kunne mai kyau ba, ya fara da su, domin akwai manhajojin kyauta da za su koya masa aiki. Ni kaina da za a mayar da ni baya, da lasifikar zan fara saya. Wanda ya riga ya tanadi waɗannan, yana kuma son amo nasa na kansa, to ba zai yi asara ba. In kuɗi sun ɗan ƙaru, jerin Volca da Korg ta fara fitarwa a 2013 ya fi dacewa, domin yana karɓar MIDI, yana kuma iya riƙe jerin sautuka ya maimaita. Shawarata dai ita ce, kafin ka biya, ka jona ta da babbar lasifika ka saurara, ka murɗa kowane maɓalli ka tabbatar ba ya ƙara, sannan ka duba gidan batir ko ya yi tsatsa.