Yadda Za Ka Lissafa Cikin Rumbu Da Wayarka

Idan kaka ta yi a yankin Ruwan Gizo, Talata Mafara, Bakura da Maradun, musamman wajen manoman madatsar ruwa ta Bakolori, tambayar da ake yawan yi ita ce: rumbun nan buhu nawa zai ci? Kintace yana jawo asara, ko hatsi ya rasa wurin zama, ko a sayar da rumbu guda a ƙasa da kuɗinsa. Igiya, tef ɗin awo da kalkuletar waya sun isa.

Dabarar ita ce ka raba rumbun gida biyu: gangar jiki mai siffar durom, da sama mai tsini kamar malfa.

Awo
Zagaya rumbun da igiya ka auna ta. A ce mita 6.9 ce. Raba da 6.28, za ka samu 1.1, wato rabin faɗinsa daga waje. Cire kaurin bango, a ce santimita 10, saura mita 1. Idan rumbun mai tumbi ne, auna sama, tsakiya da ƙasa, ka haɗa ka raba uku.

Abin da cikinsa ke ɗauka
Gangar jiki: 3.14 × rabin faɗi × rabin faɗi × tsayi. Idan tsayin mita 2 ne, an samu 6.28.
Tsinin sama: lissafi iri ɗaya, sai ka raba uku. Idan tsayinsa 0.6 ne, an samu 0.63.
Jimilla 6.91, kusan lita 6,900 ke nan, domin kowace mita kubik lita 1,000 ce. Sai ka gwada bokiti nawa mai lita 20 ke cika buhunka, ka raba. Wannan na sussukakken hatsi ne. Dami yana barin sarari a tsakani.

Yaɓe da jinka
Bango: 6.9 × 2, murabba'in mita 13.8.
Jinka: 3.14 × rabin faɗinta × tsawon gangarenta. Da 1.3 da 1.5, an samu 6.1.

Kuskuren da aka fi yi shi ne saka da'irar da sassan biyu suka haɗu a lissafin yaɓe, alhali ba a shafa ta. Na biyu, haɗa mita da santimita a layi ɗaya.

Idan rumbunan gidanku da yawa, buɗe Google Sheets, rabin faɗi a A1, tsayi a B1, ka rubuta =3.14*A1*A1*B1 a C1, ka ja shi ƙasa. Ka gwada kafin a fara zuba hatsin bana.